Kwalbar Jinin Buba

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso kusa. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu a bakin famfo, wai aikin ɗakin gwaji ba wani abu ba ne, ka ɗebi jini ka zuba a na'ura ta fito maka da takarda. Ba laifinku ba ne, abin da kuka tarar ke nan. Amma ni ɓangaren shukar ƙwayoyin cuta na yi, tun ba a haife ku ba, a wani asibiti da ke nan kudancin Kano, inda marasa lafiya ke zuwa daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada har cikin Doguwa. A wannan ɓangaren ba na'urar da za ta yi maka tunani.

Kun riga kun san rinin da ake yi wa ƙwayoyi a kan gilashi, waɗansu su riƙe shuɗi, waɗansu su sake shi su ɗauki ja. To a cikin masu ɗaukar ja ɗin nan akwai waɗanda mu muke ce wa masu tsirfa. Ƙwayar gudawa ko ta ciwon fitsari, ko a wane faranti ka shuka ta, gobe da safe za ka tarar ta cika shi. Masu tsirfa ba haka suke ba. Sai ka dafa musu abinci irin nasu, ka ba su ɗumi daidai da na jikin mutum, ka canza musu iska, kuma duk da haka sai sun ga dama. Ƙwayar sanƙarau tana cikinsu, da ta tarin shiƙa, da wadda ke kama kunne da huhun yara. In ba ka iya lallaɓa su ba, sai ka rubuta wa likita cewa ba a ga komai ba, alhali mutum yana kwance cutar tana cin sa.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni shi ne riƙe rago. Mutumin Riruwai ne, mahaifinsa haƙar kuza yake yi, shi kuma ya shigo aikin asibiti tun yana saurayi. Akwai rago guda da muke kiwo a bayan ɗakin gwaji, ba don layya ba, don jininsa. In za a haɗa faranti sai in danne shi da gwiwa, Malam Garba ya aske wuyan, ya goge da sifirit, ya zuƙi jinin a hankali. Daga nan a narkar da garin aga, wanda ke sa abincin ƙwayoyin ya daskare, a bar shi ya huce. Ba mu da ma'aunin zafi mai kyau, sai ya ɗora kwalbar a bayan hannuna.

"Ka ji? In ka iya jurewa ba ka janye ba, to ya yi. Zuba jinin."

In an zuba a haka aka juye a faranti, ya daskare ja wur, shi ne farantin jini. In kuma aka mayar da kwalbar cikin ruwan zafi har jinin ya dahu ya koma ruwan ƙasa, shi ne farantin cakulet. Dahuwar nan ce ke fasa jinin ta fito da abin da masu tsirfa ke so. Ka bar shi ya wuce lokaci, ka kashe abincin, kuma da ido ba za ka gane ba sai ranar da ka shuka abu ya ƙi fita.

Maganar iska kuwa, gwangwanin madarar gari muke samu babba. A jera farantai a ciki, a kunna guntun kyandir a ɗora a kai, a rufe, a naɗe bakin da filasta. Kyandir ya ci iskar ya mutu da kansa, abin da ya rage a ciki shi suke so. Sai a sa gwangwanin a akwatin ɗumi. Ruwan laka kuma, wanda ake zuƙowa daga bayan mai sanƙarau, ba a sa shi a firji, sanyi kashe ƙwayar yake yi. Daga ɗakin marasa lafiya zuwa namu, a aljihun ƙirji nake ɗauko kwalbar, tana jin ɗumin jikina. Akwai kuma wani abu da duk wanda ya koyi aikin a zamaninmu ya koya, wato sansana faranti. Ka ɗaga murfin kaɗan ka kai hanci. Wata ƙwayar warinta kamar ɓera, wata kamar 'ya'yan itace. Haka aka koya wa Malam Garba, haka ya koya mini, haka ake yi ko'ina a lokacin.

Shekarar da zan ba ku labari, Malam Garba ya riga ya yi ritaya, ni ke riƙe da ɗakin. Mu uku ne. Akwai Rakiya, 'yar Kiru, wadda ta gama makaranta ba da daɗewa ba, hannunta da tsabta, idonta a madubin duba ƙwayoyi ya fi nawa kaifi. Tana da ciki na fari a lokacin, ya kai wata biyar. Sai Baba Audu mai wanke mana kwalabe da farantai, dattijo mai 'yar furfura a gemu, wanda ya riga ni shiga asibitin. A lokacin farantan gilashi ne, ba a yar da su, wankewa ake a sake amfani da su.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, sanƙarau kuma ya shigo da ƙarfi. Ɗakin yara ya cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Ruwan laka yana zuwa mana tun safe har la'asar, wani fari kamar ruwan shinkafa. Ragonmu ya rame don yawan ɗiba, har sai da na roƙi wani mahauci ya ara mana nasa. Wutar lantarki sai ta yini ba ta zo ba, janareta kuma an fi ba ɗakin tiyata. Ana cikin haka tukunyar turirin da muke kashe ƙwayoyi da ita ta ƙone. Kafin a gyara, sai Baba Audu ya koma jiƙa farantai a ruwan bilic, ya kankare su, ya tafasa a tukunya a kan gawayi.

A tsakiyar wannan ne aka kawo Buba. Makiyayi ne daga wata ruga a ƙasar Doguwa, dogo, ya kai shekara arba'in, amma ya rame har wandonsa sai da ya ƙara ɗaure shi da igiya. Ba sanƙarau ke damunsa ba. Zazzaɓi ne ke zuwar masa da yamma, ya yi ta gumi har ya jiƙa shimfiɗa, gari ya waye ya ji dama, bayan 'yan kwanaki ya dawo. Ya daɗe a haka. Ya sha maganin zazzaɓin sauro a kemis har ya gaji, an yi masa gwajin taifot an ce shi ne, ya sha wannan ma, ba abin da ya canza. Ƙugunsa da gwiwoyinsa suna ciwo.

Likitan ɗakin maza da kansa ya kawo mana kwalbar jininsa, ya tsaya a ƙofa yana share gumi.

"Malam Sabo, wannan don Allah kada ku zubar da ita da wuri. Na san in mako ya cika ba tsiro kukan zubar. Ina zargin irin ƙwayoyin nan masu jinkiri da ke kama zuciya."

Na ce, "To Likita, za mu riƙe ta."

Muka tura ta can ƙuryar akwatin ɗumi. Bayan 'yan kwanaki sai mu ɗiba daga cikinta mu shafa a farantin jini da na cakulet. Tun da a shekarar komai gwangwanin kyandir muke sa shi saboda sanƙarau, su ma nan suka shiga. Shukar farko muka duba bayan kwana biyu, ba mu ga komai ba, aka miƙa wa Baba Audu farantan ya wanke. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa aiki ya sha kanmu, ta ƙara kwana a gwangwani fiye da sauran.

Ranar da safe ina ɗakin yara ina karɓar ruwan laka. Da na dawo sai na tarar da Rakiya a kan benci, fankar sama tana juyawa don an kawo wuta, farantai biyu a buɗe a gabanta. Baba Audu yana can wajen kwatami yana ɗauraye kwalabe.

Ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu. Na makiyayin nan ne, ya fito."

Na leƙa. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana kamar raɓa, sai ka karkata farantin wajen haske kake ganinsu.

"Na yi masa rini," in ji ta. "Ja ne, amma da kyar ya kama. Na ɗauka irin na kunnen yara ne, sai dai ba shi da warinsa, kuma ga shi ya fito a farantin jini ma."

"Kin sansana?"

"Na sansana, duka biyun."

Na zauna na sa ido a madubi. Ba sanduna ba ne sosai, ba kuma ƙwallaye ba. Ƙanana ne ƙwarai, a warwatse, kamar an watsa yashi mai laushi a kan gilashin. Gaskiyar Rakiya, ƙwayar kunnen yara ba ta fita a farantin jini ita kaɗai. A littafi kawai na taɓa ganin hoton abu irin wannan. Na rufe farantan, na miƙe na kashe fanka. Muna da wata 'yar kwalba mai ruwan ɗorawa da ake gwada ko ƙwaya tana fasa sinadarin fitsari, in tana yi sai ruwan ya koma ruwan hoda. Yawancin ƙwayoyi sai sun kwana kafin su nuna. Na sa safar hannu, na ɗaura hankici a hanci, na ɗiba kaɗan na sa a ciki.

Na ce, "Rakiya, fita ki wanke hannu da fuska ki zauna a inuwa. Baba, kai ma bar wankin nan haka, ka fito."

Baba Audu ya ce, "Saura kaɗan in gama, Malam."

"Bar shi, Baba. Zan yi maka bayani."

Na kulle ɗakin na nufi ɗakin maza. Buba yana zaune a bakin gado, safiya ce, jikin ya sake shi. Muka gaisa, na tambaye shi iyali, na tambaye shi shanu. Da na ambaci shanu sai ya girgiza kai.

"Shanu ba lafiya, Malam. Bana ɓari suke ta yi. Ciki ya tsufa, sai ka wayi gari ka ga ɗan maraƙi a ƙasa. Waɗansu kuma gwiwarsu ta kumbura ta tara ruwa. Mu bakkale muke ce masa."

"In saniya ta yi ɓari, wa ke cire mata mabiyiya?"

"Ni mana. Wa zai yi?"

"Da hannu haka?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Da me kuma?"

"Madara fa, kana sha ɗanya?"

"Daga hantsa zuwa baki. Tun ina yaro."

Da na koma, ko azahar ba a kira ba, 'yar kwalbar ta riga ta juye ruwan hoda. Ta taga na hango ta, ban ma buɗe ƙofar ba.

Ƙwayar da ke sa shanu ɓari ce, wadda a littafinku aka rubuta Burusela. Ku riƙe wannan da kyau: a duk masu tsirfa, ba wadda ta fi ta kama ma'aikacin ɗakin gwaji. A jikin mara lafiya ba ta cika tsallakawa zuwa wani mutum ba, kana iya zama da shi ku ci abinci. Amma in ka shuka ta ta yi yawa a faranti, ɗan abin da zai tashi a iska lokacin da ka buɗe murfi ya isa. Ba a buɗe ta sai a cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska, mu kuwa ba mu da shi. Ga fanka tana juyawa, ga wadda ta kai hanci, ga farantan shuka ta farko da ta biyu da muka ɗauka babu komai a kansu, Baba Audu ya kankare su da hannunsa.

Likita ya tara mu a ofishinsa ya rufe ƙofa. Na faɗa masa abin da na gani da abin da Buba ya ce. Sai ya dube ni.

"Ka tabbata, Malam Sabo?"

"Ban da abin da zan tabbatar da shi a nan, Likita. Amma masu aikin dabbobi a Kano suna da ruwan gwajin jini. In ka ba ni izini gobe in kai ruwan jinin Buba. Farantan dai ba za su bar ɗakin nan ba, yau zan ƙone su."

"Ka je. Amma ba za mu jira ba." Ya juya wajen Baba Audu. "Baba, kai da Malam Sabo za ku sha magani iri biyu na mako uku, don a tare ta kafin ta kama. Ɗaya daga ciki irin na masu tarin tibi ne. Zai mayar da fitsarinka ja, har gumi da hawaye. Ba jini ba ne, launin maganin ne. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Saura Rakiya. Ɗaya daga cikin magungunan nan ba a ba mai ciki. Akwai wanda ake musanya shi da shi, amma shi ma ba wanda zai ce maka kwata-kwata ba shi da illa. Cutar kuma in ta kama mai ciki tana iya zubar da cikin. Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ko dai ta sha maganin yanzu, ko a zuba ido ana gwada jininta lokaci-lokaci, in ta nuna sannan a fara. Ta ce a kira mata mijinta. Malamin firamare ne, Nasiru, ya zo a kan babur da alli a hannun rigarsa. Aka maimaita masa.

Ya ce, "Likita, in matarka ce, wanne za ka zaɓa?"

"Da warin kawai ta ji daga nesa, da na ce a jira. Amma ta kai hanci har sau biyu. Ni zan ba ta."

Nasiru ya dubi matarsa. "Ke me kika gani?"

Ta ce, "Ni na ga abin a madubi da idona. A ba ni maganin."

Da la'asar na shiga ɗakin ni kaɗai, da takunkumi biyu a fuska. Na tsoma farantan da kwalbar jinin a bokitin bilic, na wanke benci da madubi da ƙasa, na buɗe tagogi na bar ɗakin. Abin da ya jiƙu na kai ramin ƙona shara na zuba kananzir na tsaya har ya cinye. Ruwan laka kuwa bai daina zuwa ba don mun shiga matsala. A wani ɗan ɗakin ajiya muka kafa madubi muka ci gaba da rini, ana dai gaya wa likitoci abin da aka gani ko da ba a shuka ba.

Washegari na hau motar Kano da ruwan jinin Buba a cikin fulas mai ƙanƙara. Wani malamin dabbobi da muka yi makaranta tare ya karɓe ni. Ya ɗiga jinin a kan farin tangaran, ya ɗiga ruwan gwajin kusa da shi, ya gauraya da tsinke yana karkata tangaran ɗin. Kafin mu gama gaisawa ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya yi tsami.

Ya ce, "Wannan na saniya ne ko na mutum?"

"Na mutum."

"To a ina garken yake?"

Ya ba ni ragowar ruwan gwajin a 'yar kwalba don in riƙa gwada mu uku, muka kuma sa ranar zuwa rugar.

Da Buba aka sha fama ta wata hanyar. Da aka fara masa maganin da ya dace, cikin mako guda zazzaɓin ya faɗi, sai ya naɗe tabarmarsa ya ce gida za shi, damina ta kusa, shanu ba mai duba su. Likita ya gaya masa maganin na mako shida ne, in ya yanke cutar za ta dawo ta fi da. Da kyar ya yarda a sallame shi da magani a hannu, a kan zai riƙa dawowa ranar kasuwa. Ni da malamin dabbobin muka bi shi, mota ta sauke mu a bakin titi, 'yan acaɓa suka shiga da mu. Muka gwada mutanen gidan, aka samu ƙanensa da babbar 'yarsa suna da ita. Shanu kuwa da yawa sun nuna.

Matarsa Dije ita ke kai nono kasuwa, kuma da shi gidan ke cin abinci. Ta tsaya a bayan bukka tana jin duk abin da ake faɗa, sannan ta yi magana ba ta dubi kowa ba.

"Malam, in aka ji wannan a kasuwa, ba mai sake sayen nonona. Har na maƙwabta."

Na ce, "Ba ni zan kai maganar kasuwa ba, Inna. Amma ki tafasa madarar kafin ki kafa ta, kamar yadda kike yi in za ki yi kindirmo. In ta tafasa ba abin da ya rage a ciki."

"Itace fa? Kullum?"

"Kullum."

Ta ce za ta yi. Malamin dabbobi ya nuna wa maza yadda za su sa leda a hannu in za su taɓa mabiyiya, su haƙa rami mai zurfi su binne ta da ɗan da aka ɓarar, kada kare ya ja. Ya ce shanun da suka nuna a ware su. Wannan kam ban san iyakar abin da Buba ya yi a kai ba.

Daga nan sai jira. Cutar nan tana iya kwanciya a jiki watanni kafin ta nuna, saboda haka duk bayan 'yan makonni nakan ɗebi jininmu mu uku in ɗiga a tangaran. Hankalin kowa yana kan Rakiya. An mayar da ita ɓangaren rubuta sakamako, ma'aikatan jinya suna leƙowa suna tambayar ta jiki. Rannan da ruwa ya sauka ta zo aiki jikinta zafi rau, tana rawar ɗari. Nasiru ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Na yi gwajin tangaran, na karkata shi har hannuna ya gaji, bai tsinke ba. Na shafa jininta a gilashi na duba, ga ƙwayar zazzaɓin sauro nan ɓaro-ɓaro. Na fito na gaya masa, ya jingina da bango ya ce alhamdu lillahi. Da lokacinta ya yi ta haifi 'ya mace lafiya lau.

Baba Audu kuwa gwajinsa na farko da na biyu ba su nuna komai ba. Ranar gwaji na uku bai zo ba, aka ce ya tafi ƙauyensu wajen Bebeji shuka. Da ya dawo na ce ya kawo hannu, ya ce allurar ta ishe shi haka, lafiyarsa ƙalau, a bari sai wani makon. Na lura dai in zai ɗauki bokiti sai ya dafa ƙugu. Na tambaye shi, ya ce noma ne da tsufa. Bayan sunan 'yar Rakiya da 'yan kwanaki ya daina zuwa aiki gaba ɗaya.

Na je gidansa da hantsi. Na same shi kwance a zaure a kan tabarma, tabarmar ta jiƙe sharkaf, ya kasa ko juyawa ya ba ni hannu.

"Baba, tun yaushe?"

"An kwana biyu, Malam. Da yamma yake zuwa."

"Maganin nan ka shanye shi kuwa?"

Sai ya nuna mini wani gwangwani a kan katanga. Na buɗe, ga ƙwayoyin nan kusan yadda aka ba shi.

"Kwana biyu na sha. Da na zaga na ga abin da ya fito, ja kamar an yanka kaza, sai na ce wannan ba lafiya ba."

"Ai Likita ya gaya maka, ni ma na gaya maka."

"Kun gaya mini. Amma da na gani da idona sai na kasa. Na ce ni da ban sansana komai ba, wanki kawai na yi, me zai kama ni?"

A mota muka ɗauko shi. Na ɗiga jininsa a tangaran, ya tsinke nan take. Hoton da aka yi masa a Kano ya nuna ta shiga ƙashin bayansa, ta ci gaɓoɓi biyu a ƙugu. Wanda ta kai nan ba mako shida yake yi ba, watanni ya yi yana shan magani, ga allura kullum a farko. Wannan karon 'yarsa ce ke miƙa masa ƙwayar ta tsaya sai ya haɗiye. Zazzaɓin ya tafi, ya tashi, ya yi ƙiba ma. Amma bayan ya riga ya ƙage, bai sake lanƙwasuwa ba. Aikin wanki ya gagare shi, aka mayar da shi bakin ƙofa yana kiran sunayen masu karɓar sakamako, har ya yi ritaya.

Akwai masallaci ƙarami a harabar asibitin, a nan muke azahar. Ranar da ya fara dawowa aiki na ga ya shigo da kujerar roba a hannu yana jan ta, ya ajiye ta a ƙarshen sahu. Na matsa na tsaya kusa da shi. Da aka sallame, mutane suka fita, shi bai tashi ba.

Ya ce, "Malam Sabo, ka tambayar mini Likita, goshin nan zai sake taɓa ƙasa kuwa?"

Na riga na tambaya, na kuma san amsar. Na gaya masa yadda Likita ya faɗa. Ya gyaɗa kai, ya shafa gwiwoyinsa, ya ce in taimaka masa ya miƙe, akwai mutane suna jira a bakin ƙofa. Ya rayu shekaru da dama bayan haka, kuma har Allah ya karɓi ransa a kan kujera yake salla.